Fawa Bank Na Mota A Ƙasar Zafi



Sharhinmu na yau a kan wani ɗan akwati ne da ya fara yawa a shagunan kayan mota da na wayar hannu, har da tallan da ake turo mana ta Facebook da WhatsApp. Hannu ɗaya ake ɗaukarsa, yana da wayoyi biyu, ja da baƙa, masu baki da ake maƙala wa kan batir. Wasu 'yan kasuwa na ce masa fawa bank na mota. Aikinsa ɗaya ne: in batirin motarka ya sauka, ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas-ƙas, sai ka jona shi, ya ba inji ƙarfin da zai tashi, ba tare da ka nemi wata mota ko masu turi ba.

Shekaru 30 da suka wuce da wuya wani ya ɓata kuɗinsa a kan irin wannan abu. Motocin da suka cika titunanmu a lokacin, irin su Fijo da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da Bitil, da Datsun, duk masu giyar hannu ne. Batir ya yi sanyi, ka kira samari uku, ka sa giya ta biyu, ka take kuloci, a tura, ka saki, mota ta yi tari ta kama. A yi godiya, a watse. Mai gida a kan gangare ma ba ya bukatar kowa.

Yau abin ya sauya. Motocin Kwatano da suka mamaye gari, Camry ne, Corolla ne, Accord ne, yawancinsu otomatik ne, ita kuwa otomatik ko unguwa guda za ta taru ta tura ta, ba za ta tashi ba, domin babu kulocin da zai haɗa tayoyi da inji kai tsaye. Sannan tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, magidanta da yawa sun jingine motocinsu, sai ranar Juma'a ko ranar biki ake fito da su. Motar da ke ajiye kuwa ba barci take yi gaba ɗaya ba. Agogonta, da ƙararrawar ɓarayi, da na'urar bin sawu in an saka mata, da birenbos, kowanne yana tsotsar wuta kaɗan-kaɗan dare da rana. Bayan 'yan makonni sai a zo a tarar babu komai. Ga kuma abin da kowa ya sani ba sai an faɗa da ƙarfi ba: zamanin da direba zai ga an ɗaga masa hannu da dare a bakin hanya ya tsaya ba tare da tunani ba ya wuce a wurare da yawa. Wanda motarsa ta mutu bayan magariba a hanyar Birnin Gwari ko tsakanin Kaduna da Abuja ya san tsawon minti goma. Haka matar da ta fito daga asibiti da yara a baya, ko likitan da aka kira cikin dare.

Saboda haka ni dai ina ganin wannan na'ura ta zo a kan gaɓa. Amma akwai abubuwan da mai sayarwa ba zai tsaya ya yi maka bayaninsu ba, kuma su ne dalilin wannan sharhi.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce, yaya za a yi abin da bai wuce kilo ɗaya ba ya yi aikin batir mai kilo 15 ko 20? Mutane da yawa suna jin haka sai su ce damfara ce. Ba damfara ba ce, lissafi ne. Kik ɗin ƙaramar motar fetur yana jan wuta mai yawa ƙwarai, amfiya 150 zuwa 300, wani lokaci fiye, amma na daƙiƙa biyu ko uku kacal. In ka tara duk wutar da aka sha a waɗannan daƙiƙu, ba ta kai rubu'in abin da ke cikin batirin wayar da ke aljihunka ba. Abin da inji ke nema shi ne a ba shi wutar gaba ɗaya a lokaci guda. Kamar mai son kashe wutar murhu ne: bokiti ɗaya da aka sheƙa ya fi masa tanki cike da ke ɗiga ta bakin famfo. Ƙwayoyin litiyam da ake sakawa a wannan na'ura irin waɗanda aka ƙera ne musamman domin su iya sheƙo wuta haka.

Batirin da ke cikin motarka tsohuwar fasaha ce. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro batirin dalma da asid a 1859, tun kafin a san mota. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fara fitar da mota mai kik na lantarki, aikin injiniya Charles Kettering, aka huta da juya inji da hannu, irin yadda har yau ake yi wa injin niƙa a ƙauyukanmu, wanda in ya yi gardama ya kan karya wa mutum hannu. Shi kuwa batirin litiyam da ake iya caji, sai a 1991 kamfanin Sony na Japan ya kawo shi kasuwa, kuma a 2019 aka ba mutum uku da suka aza harsashinsa kyautar Nobel: John Goodenough, da Stanley Whittingham, da Akira Yoshino. Abin da zai ba ka dariya ko takaici, ya danganta da yadda ka kalle shi, shi ne dutsen litiyam ɗin nan ana haƙarsa a nan jihar Nasarawa, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024. A kwashe shi a kai Sin, ya dawo mana cikin kwali mai sheƙi, mu saya da dala.

To, mu zo kan kwalin. A nan ne ake cin kasuwar mutane.

Za ka ga an rubuta amfiya 2,000 ko 3,000 da manyan lambobi. Wannan adadin shi ne ƙololuwar abin da na'urar za ta iya fitarwa cikin ƙiftawar ido, kuma kowane kamfani da yadda yake auna nasa. Bai nuna abin da za ta iya riƙewa na daƙiƙa uku da inji ke bukata ba. Abin da ya fi amfani shi ne ka duba girman injin da aka ce tana ɗauka. Misali, wata sananniya ta kamfanin NOCO na Amurka, mai lamba GB40, an rubuta mata amfiya 1,000, aka ce tana tayar da injin fetur har mai lita 6, amma na dizal mai lita 3 kawai. Wannan bambanci yana da dalili: injin dizal yana matse iska fiye da na fetur nesa ba kusa ba, don haka juya shi ya fi nauyi. Mai Hilux ta dizal da mai Corolla ba na'ura ɗaya za su saya ba.

Lamba ta biyu ita ce wadda ake bi da haruffan mAh. Akwai waɗanda ake rubuta wa 99,800, alhali ka ɗaga ka ji su sakayau. Mu yi lissafin tare. In da gaske akwai wannan adadi a ciki, ƙwayoyin batirin kaɗai za su kai kusan kilo ɗaya da rabi, ban da roba da wayoyi. To abin da bai kai rabin kilo ba, ina ya ɓoye sauran? Hannunka ma ma'auni ne. Ka juya bayan na'urar ka nemi ƙananan haruffa Wh, su ne suka fi kusa da gaskiya. Waccan ta NOCO da na ambata 24 aka rubuta mata, kuma tana aikinta. Wanda ya yi maka ƙarya a kan lambar da ke waje, kada ka yi tsammanin ya yi maka adalci a kan abin da ya rufe a ciki. Hukumar SON ce ke da alhakin tantance irin waɗannan kaya kafin su shigo, amma duk wanda ya taɓa zagaya kasuwar waya ya san abin da ke shigowa ya fi ƙarfin masu dubawa. Ka sa a gwada maka a kan mota kafin ka biya, ka karɓi rasit, ka ji kaurin wayoyin, ka matsa bakin ka ji ko yana cizo da kyau. Siririyar waya ba ta ɗaukar amfiya 300, zafi za ta yi ta narke.

Yanzu ga babbar matsalar da ta shafe mu fiye da waɗanda suka ƙera abin. Amfanin wannan na'ura shi ne ta kasance tare da kai a mota. Ita kuwa litiyam babu abin da ta tsana kamar zafi. A watannin Afrilu da Mayu, Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Yamai suna haura digiri 40 a inuwa. Motar da aka rufe gilasanta aka bari a rana, cikin awa ɗaya cikinta na iya wuce digiri 60, saman dashbod kuwa ya fi haka. Yawancin masu ƙera waɗannan batura suna gargaɗin kada a yi musu caji a zafin da ya wuce digiri 45, kada kuma a ajiye su a abin da ya kai 60. Wato a lokacin bazara motarka tana kai wa wannan iyaka kullum da azahar. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne batirin ya tsufa da wuri, ranar da ka neme shi ya ba ka kunya. Mafi muni shi ne ya kumbura ya kama da wuta, kuma wutar litiyam tana da wuyar kashewa, hayaƙinta guba ne. Masu sauraro za su tuna a 2016 kamfani mai girman Samsung sai da ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batirinta na kamawa da wuta. In ya faru da su, ina ga kayan da ko sunan kamfani babu a jikinsa?

Shawarata a nan ba mai daɗin ji ba ce, domin tana rage wa abin armashi. Kada na'urar ta kwana ta wuni a mota a lokacin zafi. Ka riƙe ta kamar yadda kake riƙe wayarka: za ka fita ka jefa ta a jaka, ka dawo ka shiga da ita ɗaki. In dole ta zauna a mota na ɗan lokaci, ƙarƙashin kujera cikin jakarta, ba kan dashbod ba, ba kuma kusa da galan ɗin fetur da wasunmu ke yawo da shi a but ba. Ranar da ka ga cikinta ya taso ko robar ta buɗe a gefe, aikinta ya ƙare. Kada ka huda, kada ka ba yara su yi wasa da ita, kada ka jefa a bolar da ake cinna wa wuta.

Wanda ke da hali, akwai iri biyu da suka fi jure yanayinmu. Akwai mai litiyam haɗe da ƙarfe da fosfet, za ka ga an rubuta LiFePO4, irin wanda masu sola suka fara sabawa da shi. Ya ɗan fi nauyi, amma ba ya saurin kamawa da wuta. Akwai kuma wanda babu batir a cikinsa sam, sai wasu ma'ajiyan wuta da ake kira kafasita. Shi wannan yana zuƙar ɗan ragowar wutar da ke cikin raunannen batirinka na minti biyu ko uku, ya tara, sannan ya mayar da ita gaba ɗaya. Zafi bai cika damunsa ba, ba ya bukatar a riƙa yi masa caji a gida. Sai dai ya fi tsada, kuma in batirin ya mutu murus dole sai an nemo masa wuta daga wani wuri.

Akwai wata jarabawar kuma, wadda na tabbata mutanen Turai ba su yi tunaninta ba. Na'urar tana da ramin cajin waya da tocila. An ɗauke wuta kwana biyu, uwargida na son cajin waya, yara na son haske su yi aikin makaranta. Wa zai hana? Sai a shanye ta tas, a mayar cikin mota. Ranar da batir ya sauka, maigida ya ɗauko da gadara, ya tarar da fitilar caji ɗaya tana ƙyaftawa. Yawancinsu ba sa tayar da mota in cajinsu ya yi ƙasa da rabi. Ko ba a taɓa ta ba, a riƙa duba ta ana cika ta duk bayan wata uku.

Yadda ake amfani da ita ba wuya. A kashe fitilu da rediyo da na'urar sanyi. Jar waya a kan batir mai alamar tarawa, baƙa a kan mai alamar ɗebewa ko a jikin ƙarfen inji, gwargwadon abin da takardar na'urar ta ce. A murɗa makulli na 'yan daƙiƙu. In bai kama ba a saki, a jira kamar minti ɗaya wayoyi su huce, a sake. Da ya tashi a cire. Kada a kusanto da taba ko ashana, domin batirin dalma yana fitar da iskar haidurojin mai fashewa. Batirin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba a jona masa komai. Wasu motocin, irin su Marsandi da BMW, batirinsu na but ko ƙarƙashin kujera, amma an tanadi wurin jonawa a cikin bonet. Kuma na'urar bolt 12 ba ta tirela da manyan motoci masu bolt 24 ba ce.

Masu kyau daga cikinsu suna da kariya: in ka juya wayoyin, ja a wurin baƙa, sai su yi ƙara su ƙi ba da wuta. Amma akwai wani maɓalli da ke cire wannan kariya, an yi shi ne domin batirin da ya mutu har na'urar ba ta jin alamarsa. Duk wanda zai danna shi ya duba wayoyinsa sau biyu, ya tabbata bakunan ba su taɓa juna ba. In duhu ne ba ka ganin alamar, ka haƙura ka nemi haske. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, domin juya waya a motar zamani yana iya ƙona fiyus, da altaneta, da birenbos, kuɗin da zai sayi na'urar nan da yawa.

A nan ma zan yaba wa na'urar a kan abu ɗaya. Ta fi dabarar da aka saba yi a gareji da bakin titi aminci, wato a kawo batirin aro a tayar da mota, sannan a zare shi inji na aiki a mayar da mataccen, ko a kifa wani batir a kan wani a haɗa da sifana biyu. A tsohuwar Fijo an sha yin haka an kwana lafiya. A motar da kwamfuta ke sarrafa ta, zare kan batir inji na gudu yana sa wuta ta yi tsalle ta haura abin da na'urorin ciki za su iya ɗauka. Wani lokaci ba a ganin ɓarnar nan take, sai bayan kwanaki fitilun dashbod su fara kamawa ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai fa, masu sauraro, mota ta tashi ba ya nufin an gama. Batir ba ya sauka haka siddan. Ko an manta fitila a kunne, ko wani abu na satar wuta, ko altaneta ba ta caji, ko bel ya saki, ko kan batir ya yi farin gari ya kwance, irin wanda ake buga wa dutse a ce ya gyaru, ko kuma batirin ne ya tsufa. A ƙasarmu zafi ne ke cin batir, yana ƙafar da ruwansa yana cinye farantansa a hankali, shi ya sa wanda zai yi shekara huɗu ko biyar a Turai, a nan in ya yi biyu an gode Allah. Sanyin hunturu tona asiri kawai yake yi: da asubahin Disamba a Jos ko Zariya baƙin mai ya yi kauri, batirin da bazara ta riga ta raunana sai ya kasa. Mutane su ce sanyi ya kashe shi.

Haɗarin wannan na'ura shi ne tana sa mutum sakaci. Tunda kullum da safe minti ɗaya ne an tashi, sai a yi ta ɗage zuwa wurin rewaya. Batirin dalma kuwa duk lokacin da ya zauna babu caji, wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa, wanda in ya daɗe ba ya narkewa. Batirin da da an kai shi caji a makon farko zai farfaɗo, bayan wata biyu sai dai 'yan gwangwan. Kuma zagaye unguwa na rabin awa ba ya cika batirin da ya sauka ƙasa, gara a cire shi a kai wa mai caji ya kwana. In kuwa altaneta ce ta lalace, na'urar za ta tayar da kai a ƙofar gida, ka hau babbar hanya, mota ta mutu tana cikin gudu, sitiyari ya yi tauri, birki ya yi nauyi. Jar fitila mai hoton batir a dashbod in ta ƙi mutuwa bayan inji ya tashi, wannan take faɗa maka.

Gwajin ba ya cin minti biyar. Kowane rewaya na kirki yana da mita. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ya nuna 12.2, rabinsa ya tafi. In inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5, ƙasa da haka altaneta ba ta ciyar da shi, sama da haka sosai tana dafa shi. Kunnenka ma zai taimake ka kafin ka ɗauko na'urar. In ka ji ƙas-ƙas da sauri fitilu suna dusashewa, batir ne. In ka ji ƙwas sau ɗaya fitilu na nan da haskensu, ka zargi kik. In kuwa inji yana juyawa garau amma ya ƙi kamawa, matsalar ta mai ce ko filogi ko famfon mai, ko ka jona fawa bank goma ba abin da zai sauya, sai dai ka ƙona kik.

'Yan kasuwarmu da ke sayo ta daga Dubai ko Guwanzu, da alhazai masu tsaraba, su sani dokar jiragen sama ba ta yarda a saka irin wannan batir a kayan awo ba, sai a jakar hannu. Wanda bai wuce Wh 100 ba yana wucewa, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, abin da ya haura haka ba ya shiga jirgin fasinja.

Ba kowane mai mota ne kuma ya zama dole ya mallaki tasa ba. Mai motar giyar hannu da ba ya barin cikin gari, kuɗin nan gara ya ƙara ya sayi batir mai kyau. Inda na fi ganin amfaninta shi ne a wuraren da motoci ke taruwa: ofishin ƙungiyar direbobi a tasha, ɗakin masu gadin asibiti, kwamitin masallacin Juma'a, ma'aikata, makarantu. Guda ɗaya mai inganci, a hannun mutum ɗaya da ya iya aiki da ita, a ɗaki mai inuwa inda ake yi mata caji, za ta fi guda hamsin na bogi da ke gasuwa a cikin motoci. Matashin da ke da babur da waya ma zai iya mayar da ita sana'a: a kira shi, ya zo ya tayar, ya auna batir da altaneta da mitarsa, ya faɗa wa mai mota wurin wanda ya kamata ya nufa daga nan.